Kyandir Mai Ƙamshi: A Koya Wa Matanmu Haɗi, Ba Narka Kaki Kaɗai Ba



Kamar yadda da yawanku suka ji, sana'o'i huɗu ne kwamitin mata ya gabatar domin asusun tallafi na ƙungiya ya ɗauki nauyin koyar da su a wannan zangon: sabulun ruwa, man shafawa, ɗinkin jaka, da kuma kyandir mai ƙamshi. Ukun farko babu wanda ya yi gardama a kansu. Na huɗun ne ya raba kan jama'a, har maganar ta fito daga ɗakin taro ta koma zauren WhatsApp, inda kowa ke faɗin albarkacin bakinsa. Mai riƙe da biro a wurin taro ba ya samun sararin magana, don haka zan faɗi nawa a nan. Ra'ayina ne ni kaɗai, kada wani ya ɗauka matsayar shugabanni ce.

Ina goyon bayan a koyar da sana'ar kyandir, amma da sharaɗi guda: kuɗin ƙungiya ya tafi kan koyon haɗa ƙamshi da gwada shi. Narka kaki a zuba a kofi a tsayar da lagwani a tsakiya, wannan yarinya 'yar sakandare za ta iya shi a yammaci ɗaya idan ta kalli bidiyo biyu a YouTube. Abin da mai saye yake biya wa kuɗi shi ne ƙamshin da zai cika masa falo, kuma a nan ne ake cin riba, a nan ne jari yake nutsewa.

Bari in fara da masu cewa a bar maganar gaba ɗaya, domin suna da hujjoji, kuma manyanmu ne.

Wasu sun ce wa zai sayi kyandir a zamanin sola da fitilar caji? Iyayena, wannan kyandir ba na haske ba ne. Ba shi ne farin nan dogo da muke saya a shagon unguwa idan an ɗauke wuta ba. A kofin gilashi ko gwangwani mai murfi ake zuba shi, ana kunna shi ko da wuta tana nan, domin ɗaki ya yi ƙamshi. Masu sayensa a nan Legas su ne ma'aikatan ofis, masu gidajen saukar baƙi na kwana biyu ko uku a Lekki da Ikeja, masu shagunan gyaran jiki, sai kuma babbar kasuwar da duk wanda ya zauna cikin Yarbawa ya sani, wato kayan rabo na biki. Ba a tashi daga bikin aure ko na cika shekara a garin nan hannu rabbana, kuma masu biki kullum neman abin da ba a saba rabawa ba suke yi.

Wasu kuma sun ce ai muna da turaren wuta, me za mu yi da kayan Turawa? Wannan gaskiya ne idan mu kaɗai za mu sayar wa juna. Babu Bahaushiya ko Babarbariyar da za ta ajiye kaskonta saboda kyandir, kuma ban ce ta ajiye ba. Amma ku tuna sau nawa maƙwabciya Bayarabiya ko 'yar Ibo ta shigo ɗakin ɗayanku ta tsaya tana tambayar mene ne wannan ƙamshi. Tana son ƙamshin, hayaƙin ne ba ta so. Ba ta da gawayi, ba ta da kasko, ɗakinta a rufe yake da na'urar sanyaya ɗaki, wata ma gidan da take haya ko otal ɗin da take aiki akwai na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Kyandir hanya ce ta kai mata ƙamshin ɗakunan iyayenmu cikin mazubin da ta saba da shi. Kasuwar da nake hangowa ke nan, kuma ban ga wanda ya fi matanmu cancantar riƙe ta ba.

Dalilina shi ne hancin yana gida. Masu haɗa turare na duniya sun kasa ƙamshi gida uku. Akwai na sama, wanda yake fara dukan hanci ya kuma riga kowa gudu, irin su lemon tsami, lemon zaƙi da na'ana'a. Akwai na tsakiya, wanda shi ne jikin turaren, irin su wardi, yasmin, kirfa da kanumfari. Sai na ƙasa mai nauyi, wanda yake zama a labule da tufafi bayan sauran sun tafi, irin su sandal, ud, almiski, ambar da banila. Tun a ƙarni na 19 wani mai haɗa turare a Landan, Septimus Piesse, ya kwatanta ƙamshi da sautin kiɗa, wani siriri wani kakkaura, kuma har yau da wannan kwatance ake koyarwa a makarantun turare. To, duk matar da ta taɓa zama kusa da mai haɗa humra ta san wannan, ko da ba ta san sunansa ba. Ta san dalilin da ya sa ake soya farce a daka a zuba, wato don ya riƙe ƙamshi kada ya gudu. Ta san kajiji da sandal su ne gindi, madarar turare mai kaifi kuma a ƙarshe ake ɗiga ta. Ta san ba a haɗa humra yau a shafa yau, sai ta kwana ta tsumu. A garin Grasse na kudancin Faransa irin wannan sani ne suka riƙe da daraja har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su a 2018. Namu na Maiduguri da ya bazu har Kano da Agege muna kallonsa kamar aikin mata na zaman gida kawai.

Sai dai a nan ne kuma haɗarin yake, kuma shi ne ya sa na kafa sharaɗi. Mace mai hancin humra tana iya ɗauka cewa abin da ya yi daɗi a jiki ko a kasko zai yi daɗi a kaki. Ba haka abin yake ba, kuma kuskuren bai tsaya ga asarar kuɗi ba.

Humra da turaren fesawa yawanci akwai ruwa ko alkohol a cikinsu. Ruwa ba ya haɗuwa da kaki, zai kwanta a ƙasan kofi, idan zafi ya kai gare shi sai kyandir ya dinga tartsatsi. Alkohol kuwa kowa ya san abokin wuta ne. Garin sandal da kajiji da ke kwance a gindin kwalbar humra suna toshe lagwani, wutar ta dinga mutuwa ko ta dinga baƙin hayaƙi. Hatta madarar turare da muke saya ta shafawa, da yawa an sirka ta da wani sinadari da ake kira DPG, wanda yake da kyau a fata amma ba ya narkewa sosai cikin kaki. Za ki ga man ya fito saman kyandir kamar gumi, ko ya taru wuri guda. Man da ya taru a sama kuma yana iya kamawa da wuta gaba ɗaya, kofin ya koma kamar murhu. Haka nan adon da ake gani a hotunan Instagram, inda ake barbaɗa busasshen fure ko ɓarin itacen turare ko sandar kirfa a saman kyandir: yana da kyau a hoto, amma itace ne aka ajiye kusa da harshen wuta. Mu da yawancinmu ke zaune a gidajen haya masu ɗakuna a jere, ga labule, ga katifa, ga galan ɗin man janareta a bayan ƙofa, ba mu da halin wasa da irin wannan. Gobara ɗaya daga kyandir ɗin 'yar ƙungiyarmu ta isa ta ɓata sunan duk sauran, balle a ce an yi asarar rai.

Don haka abu na farko da mai koyarwa za ta nuna musu shi ne bambancin man ƙamshi na kyandir da sauran. A kasuwar sinadarai ta Ojota da wurin dillalan da ke sayarwa ta intanet ana samun man da aka yi musamman domin kaki. A tambaya kafin a biya. Dillali na ƙwarai yana iya nuna takardar IFRA ta man da yake sayarwa. IFRA ƙungiya ce ta masana'antun ƙamshi ta duniya da aka kafa a 1973, mai hedikwata a Jeneba, ita ke fitar da iyakar yawan kowane sinadari a kowane irin kaya, kuma kyandir yana rukuni na 12 a tsarinta. Ba kowane mai shago ne zai iya kawo takardar ba, amma wanda ya kalle ki ya ce “duk ɗaya ne, Hajiya, zuba kawai”, to ki riƙe kuɗinki ki ƙara gaba.

Abu na biyu, kuma wanda na fi nacewa a kai, shi ne awo. Mu mutane ne masu awo da ido da murfin kwalba da “ɗan kaɗan”. A tuwo da miya wannan ya wadatar, a kyandir bai wadatar ba. Kowane kaki yana da iyakar man da zai iya sha. Yawancin kakin da ake zubawa a kofi yana ɗaukar tsakanin kashi 6 zuwa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Idan an gaza, kyandir ya zama kurma, a kunna shi awa biyu ba a ji komai ba. Idan an zarce, man ya yi gumi, lagwani ya toshe, hayaƙi ya baƙanta bakin kofi, ga kuma kuɗin man da aka zubar a banza, alhali shi ne ya fi komai tsada a cikin kayan. Tunanin cewa ƙara mai shi ne ƙara ƙamshi yana cikin abubuwan da ke cinye jarin sababbin shiga.

Ga misali don a ga ba wani lissafi ne mai wuya ba. Kofin da ke cin kaki giram 200, idan za a sa mai kashi 8 cikin 100, giram 16 ke nan. Wannan giram 16 shi za a raba tsakanin ƙamshin da ake son haɗawa. A ce ana son sandal ya zama gindi da rabi, wardi ya ɗauki kashi 30, lemon zaƙi kashi 20: sandal giram 8, wardi giram 4.8, lemo giram 3.2. Wace ce za ta auna giram 4.8 da murfin kwalba? Kuma da nauyi ake awo, ba da cokali ko sirinji ba, saboda wani man ya fi wani nauyi, cokalin banila da cokalin lemo ba ɗaya suke ba a kan sikeli. Ƙaramin sikeli mai batir da ke nuna ɗigon giram, da ma'aunin zafi, su ne kayan aikin da zan so a fara saya kafin ko da kofi ɗaya. Ma'aunin zafin ma ba ado ba ne. Kakin waken suya yawanci ana zuba masa mai ne idan ya kai wajen digiri 80 zuwa 85, a juya a hankali kamar minti biyu don su kama juna, sannan a bari ya ɗan huce kafin a zuba a kofi, gwargwadon abin da kamfanin kakin ya rubuta. Idan an zuba mai a kaki mai sanyi ba za su haɗu ba. Kuma ba a ɗora tukunyar kaki kai-tsaye a kan wuta: tukunya ake sawa cikin tukunyar ruwan zafi. In kuma tsautsayi ya sa kaki ya kama wuta, murfi ake kifa masa a kashe murhu, ba a watsa masa ruwa, daidai da yadda ake yi wa man gyaɗa.

Kafin ma a kai ga taɓa kaki, akwai hanyar gwada haɗi mai araha wadda nake ganin matanmu za su ji daɗinta. A samu tsinken goge kunne da ƙananan kwalabe masu murfi. Idan ana son gwada sandal uku, wardi biyu, lemo ɗaya, sai a tsoma tsinke uku a sandal, biyu a wardi, ɗaya a lemo, a jefa su kwalba guda a rufe, a manna takarda a rubuta abin da ke ciki. Bayan kwana ɗaya ko biyu a buɗe a shaƙa. Da ɗan man da bai kai cokali ba za a gwada haɗi goma. Sai dai kada a shaƙi goman a zama ɗaya, domin hanci yana gajiya, bayan uku ko huɗu komai zai koma iri ɗaya. A fita a sha iska a dawo. Kuma mai farawa ta tsaya a kan ƙamshi biyu ko uku. Wadda ta zuba bakwai a kofi ɗaya ba za ta taɓa gane wanne ne ya gyara ba, wanne ne ya ɓata.

Wannan ya kawo ni kan littafi. Duk haɗin da ba a rubuta ba, sa'a ce aka yi, ba sana'a ba. Mai biki za ta shaƙi kyandir ɗaya ta ce a yi mata 150 irinsa. Idan Hajiya ba ta rubuta giram nawa ta sa na kowane mai ba, daga wane dillali, a wane kaki, da lagwani mai lamba nawa, a zafi nawa, to 150 ɗin nan za su fito kala-kala, kuma mai biki ba za ta dawo ba. Rubuta haɗin turare ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo. Tun a ƙarni na 9 a Bagadaza akwai littafin da ake danganta wa malamin nan Alkindi, wanda ya tattara haɗin turare sama da 100 da yadda ake tace su. Mu ne dai muka bar namu a ka, tsohuwa ta rasu ta tafi da haɗinta, jikoki su zo suna cewa humrar Kaka ba a ƙara samun irinta ba. Na san wasu za su ji tsoron kada rubutawa ta sa a sace musu sirri. Ina tare da su a nan: littafin na mai shi ne. Ƙungiya ta tabbatar kowace tana da littafi kuma tana cika shi, amma kada a tilasta wa kowa ta buɗe wa wata haɗinta, ko da shugabar mata ce.

Sai haƙuri, wanda shi ma kuɗi ne. Kyandir yana da ƙamshi iri biyu: wanda ake ji idan an buɗe murfi ba a kunna ba, da wanda yake bazuwa idan yana ci. Na farko shi ke sa a saya, na biyu shi ke sa a dawo. Ba dole su zo ɗaya ba. Lemon da ya fi kowa tashe a kwalba yana iya ɓacewa da zarar wuta ta kama, sandal da ya yi shiru a sanyi ya fito ya mamaye ɗaki. Ba a sanin gaskiyar haɗi sai an kunna, kuma ba a kunnawa washegari. Kakin waken suya yana son ya kwanta mako ɗaya zuwa biyu kafin ƙamshinsa ya zauna, na farafin kwana kaɗan ya ishe shi. Ashe ke nan koyarwar kwana uku da ake ba da takardar shaida a rana ta uku ba ta isa ta nuna wa ɗaliba ko abin da ta haɗa ya yi ko bai yi ba. Ban ce masu irin wannan koyarwa macuta ba ne, amma ba ita ƙungiya za ta biya wa kuɗi ba. A nemi wadda za ta yarda ta dawo bayan mako biyu a kunna kyandir ɗin kowa a gabanta, a ga faɗin narkewarsa, a ga tsayin harshen wuta, a taɓa kofi a ji ko ya yi zafin da zai fashe. Sau da yawa laifin rashin ƙamshi ba na mai ba ne, lagwani ne ya yi wa kofin ƙanƙanta, sai ya haƙa rami a tsakiya ya bar kaki a gefe. Kuma duk lokacin da aka canza mai, sai an sake gwada lagwani, domin mai nauyi irin banila da ambar ba ya hawa lagwani kamar mara nauyi. Banila ma tana da wata ɗabi'a: tana rinar da farin kaki ya koma ruwan ƙasa-ƙasa bayan 'yan makonni. Gara mai yi ta san haka kafin ta yi wa amarya alkawarin fari fat.

Akwai kuma abin da bidiyon Amurka da Ingila ba za su faɗa mana ba, wato zafin garinmu. Kakin waken suya, wanda a Amurka aka fara yin kyandir da shi a farkon shekarun 1990, yana da taushi, kuma irin na kofi yana fara narkewa tun wajen digiri 50. Motar da aka ajiye a rana, ko akwatin ɗan aike mai babur da ya maƙale a cunkoson Oshodi, zafin cikinsu yana iya kaiwa nan. Kaya su isa hannun mai saye sun yi gumi, lagwani ya karkace. Shi ya sa masu yi a ƙasashe masu zafi suke sirka shi da ɗan kakin da ya fi tauri. A nan ma muna da dama, domin kakin zuma sai ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, kuma a cikin 'yan uwanmu akwai masu kawo zuma daga Arewa waɗanda ba su ɗauki saƙar a bakin komai ba bayan an matse. Yana da nasa ƙamshin na zuma wanda ke tafiya da sandal da kirfa, ko da yake ba ya sakin ƙamshin mai da ƙarfi kamar farafin. Wannan ma abin gwaji ne, a sa a littafi.

To wane ƙamshi za su haɗa? Nan ne nake da saɓani da wasu 'yan matanmu masu ɗoki, waɗanda suka riga suka fara maganar labanda da banila da sitiroberi saboda su suke gani a shafukan masu sayarwa. Ƙannena, waɗannan kowa yana da su. Mai shago a Lekki da ta shekara biyar tana yi, mai kofi masu tsada da mai ɗaukar hoto, ba za ku ƙwace mata kasuwa da labanda ba. Ku je inda ba ta iya zuwa. Sandal da almiski da ɗan wardi, wanda duk wanda ya shaƙa zai tuna ɗakin amarya. Ud da ambar da ɗigon lemon zaƙi a sama don ya rage masa nauyi. Kanumfari da citta da kirfa, irin ƙamshin shayin mai shayi da sanyin safiya, amma da hannu mara nauyi, domin kanumfari da kirfa suna da kaifi, suna danne kowa, wasu kuma suna sa su tari. Luban da lemon tsami. A kuma ba su suna da harshenmu, a rubuta fassara a ƙasa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a kasuwar da kowa ke kwaikwayon kukan wani, na gida ne ake juyowa a saurara.

Amma a faɗi gaskiya a kan sitika. Ud na asali daga itacen Aquilaria ake samunsa a ƙasashe irin su Indiya, Kambodiya, Biyetnam da Indunusiya, kuma sai itacen ya kamu da wata cuta yake fitar da ƙaron mai ƙamshi. Saboda yawan sara, tun 1995 aka fara sa cinikinsa ƙarƙashin sa idon yarjejeniyar CITES. Yana cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya. Abin da muke saya a kwalbar roba a Ojota haɗin masana'anta ne mai kama da shi, haka ma almiski, haka ma yawancin sandal. Wannan ba aibi ba ne, hasali ma shi ya fi dacewa da kaki. Aibin shi ne a rubuta “ud na asali” ko “babu sinadari” don a ja hankalin mai saye. Kada kuma a rubuta cewa kyandir yana maganin ciwon kai ko rashin barci ko yana korar sauro kwata-kwata. Abin da ya kamata ya hau sitika shi ne gargaɗi: kada a bar shi yana ci babu kowa a ɗaki, a nisanta shi da yara da labule, kada ya wuce awa huɗu a kunne, a datse lagwani ya rage kamar milimita 5 kafin kowace kunnawa, a daina amfani da shi idan kaki ya rage kamar santimita ɗaya a gindi, mai asma kuma ya bar taga a buɗe.

Ban ɓoye cewa masu adawa suna da hujja ɗaya da ba ni da cikakkiyar amsarta ba, ita ce ta tsada. Kakin waken suya da man ƙamshi da lagwani mai kyau kusan duk daga waje suke zuwa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda kayan waje suka koma. Ga shi kyandir mai ƙamshi kayan marmari ne, sai an ci an ƙoshi ake tunawa da shi, cinikinsa kuma ya fi tashi a ƙarshen shekara da lokutan biki. Uwar marayun da ke neman abin da za ta sayar yau ta sayi garin kwaki gobe, ba zan ba ta shawarar kyandir ba. Sabulun ruwa ya fi mata, kuma kada a rage ko kwabo daga kason sabulu saboda wannan.

Abin da nake roƙon kwamiti shi ne a fara da mutum biyar ko shida, a zaɓo su daga cikin waɗanda dama suna haɗa humra ko turaren wuta, ko suka tashi a gidan da ake yi, ba don kusancinsu da wani shugaba ba. Kada a raba musu kuɗi a hannu. Ƙungiya ta sayi sikeli biyu, ma'aunin zafi biyu da tukwane, su zama na kowa a ofis ana karɓa ana sa hannu. A sayi kaki a dunƙule don a samu ragi, man ƙamshi kuwa a fara da ƙananan kwalabe na iri shida zuwa takwas, kada a cika lita da abin da ba a gwada ba. A ba su wata biyu na gwaji wanda ba za a sayar da ko ɗaya ba. A ƙarshen wata biyun kowace ta kawo haɗi biyu da littafinta, a kunna a ɗakin taro ɗaya bayan ɗaya, a kuma gayyato maƙwabtanmu waɗanda ba Hausawa ba su shaƙa su faɗi gaskiya, tun da su ne masu sayen. Wadda haɗinta ya tsallake, kuma ta iya maimaita shi sau biyu ya fito iri ɗaya, ita za a ba jarin kofi da sitika, a kuma taimaka mata ta yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC idan tafiya ta miƙa.

Wanda ke da wani ra'ayi, musamman iyayenmu mata da suka daɗe a harkar turare, ya rubuta a ƙasa ko ya same ni a ofis bayan la'asar. Duk abin da aka faɗa zan haɗa in miƙa wa kwamiti kafin zama na gaba, har da na waɗanda ba su yarda da ni ba.

Sakataren Ƙungiya